Yatsu Biyu da Suka Ƙi Mehluli Gumpo

Ranar gasar mawaƙan coci ta waccan shekarar, Bulawayo ta wayi gari da irin yayyafin nan na watan Yuli, wanda ba ya jiƙa ƙasa sai dai ya shiga ƙashi. Sama ta sauko har kan rufin gidaje, iska tana busowa daga kudu, mata masu tumatir a bakin titi sun ƙudundune cikin barguna, ba ka ganin komai nasu sai idanu. Mehluli Gumpo yana tsaye a tashar ƙananan motocin haya da ake kira kombi, ta unguwar Luveve, jakar takardun kiɗa a hammatarsa ta hagu. Hannun dama kuwa yana cikin aljihun kwat, ya damƙe gasasshen dankali mai zafi da ya naɗe a jarida. Ba don ci ya gaso shi ba.

Makaɗan piyano ba sa kiran yatsa da suna, lamba suke ba shi, daga babba zuwa ƙarami. To, na huɗu da na biyar na hannun damansa sun fara ƙi masa tun kafin damina ta ɗauke. Da zarar ya shiga wurin da kiɗa yake gudu, sai su lanƙwashe su shige tafin hannu kamar ƙafar yankakkiyar kaza. Ba wanda ya sani. Ga shi yau shi ne zai yi wa kowace ƙungiya kiɗa, daga safe har yamma, a kan kujerar da ya daɗe a kanta har gashinsa ya yi fari. In aka gane, kujerar ta tafi ke nan. Shi kuwa ba shi da wani wurin zama a duniya da ya wuce ta.

Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mai zuba gawayi a injin. Shi ya tura shi makarantar mishan can bayan gari, inda wata tsohuwar Sista ta ga yaron yana laɓewa a taga duk sanda take kiɗa, ta kira shi ciki. Hanyar koyarwarta ita ce hanyar da aka koya mata. Sai ta ɗora masa murfin kwalba a bayan hannu, ta ce yatsa shi ke aiki, hannu ba ruwansa. Kowane yatsa a ɗaga shi sama kamar ƙafar soja, a buga. In murfin ya faɗo, ta ɗan ƙwala masa rula. Bai taɓa jin haushinta ba, don ita ce ta fara gaya masa yana da wani abu. Kafin ya bar makarantar yana iya kaɗa shafi guda cur murfin bai motsa ba, kuma har ya tsufa yana nuna wa mutane wannan bajinta a wajen biki, ana tafa masa.

Bai samu fita waje karatu ba. Lokacin da ya kamata ya tafi ana yaƙi, da yaƙi ya ƙare kuma ga ƙanne a wuyansa. Ya kama aikin akawu a ofishin jirgin ƙasa, in an tashi ya koma kan kiɗan Turawa na dā, dogayen nan da ba a waƙa a cikinsu. Masu sauraron irin wannan kiɗa ba su da yawa a garin, amma duk mai rera waƙa daga takarda yana bukatar wanda ya iya karanta ta. Kafin shi, wata mata ce ake kira MaHadebe take riƙe da kujerar gasar. Wata shekara kawai ta ce ta gaji. Mutane suka ce mijinta ne ya hana ta. Aka ba Mehluli, shi ma bai tambayi dalili ba, murna ce ta isar masa.

Matarsa ta rasu da daɗewa. 'Yarsu guda, Nothabo, tana aiki a Johannesburg. Gidan ya rage daga shi sai piyanon da ya saya wajen wasu Turawa da za su bar ƙasar, wanda ya cinye rabin falo, har in baƙo ya zo sai ya zauna a karkace.

Abin da ya ruɗe shi game da yatsun nan shi ne ba sa ciwo. Ciwo kam ya sani. Shekaru da yawa sangalin hannunsa yakan ɗauki zafi, kafaɗa ta riƙe, ya shafa man zafi ya ci gaba, don a wajensu ciwo alamar an yi aiki ce. Wannan kuwa shiru ne. Yana ɗaukar cokali lafiya, yana ɗaura igiyar takalmi lafiya, sai a kan piyano kaɗai suke yi masa tawaye. Sai ya yanke wa kansa cewa lalaci ne ya kama su. Maganin lalaci kuwa a sana'arsu ɗaya ne, a ƙara aiki. Ya riƙa zama tun hantsi har rana ta karkata, yana maimaita layi ɗaya, yana ɗaga yatsun sama fiye da dā. Ya ɗaure su da roba don su miƙe. Ya sayi ƙwallo yana matsawa a cikin kombi. Duk yadda ya matsa musu, haka suke ƙara saurin naɗewa.

Sau ɗaya ya so ya faɗa. Nothabo ta kira shi ran wata Lahadi.

"Baba, me ka ci yau?"

"Tuwon masara da nono."

"Jiya fa?"

"Nono da tuwon masara."

Ta yi dariya. "Kai Baba! Har yanzu kana hana maƙwabta sakat da wannan akwatin naka?"

"Ina hana su. Nothabo, wannan hannun nawa…"

"Tsaya Baba, ga motata ta zo. Me ka ce?"

"Ba komai. Shiga, kada ta bar ki."

A zauren gasar, Baba Tshuma, shugaban shirya taron, mutum mai tumbi da fara'a, shi ya tare shi a ƙofa.

"Farfesa! Ina jin ƙamshin dankali. Wato kai kaɗai ka san ana sanyi?"

"Shugaba, in na ba ka wannan, ina za ka sa shi? Wurin ya cika."

"Ka ji shi! Shiga, shiga, mutanenka suna jira. Mu dai in kana nan hankalinmu kwance yake."

Waƙar da aka ɗora wa kowace ƙungiya a shekarar tana da wani wuri a tsakiya inda mawaƙa suke yin shiru, piyano ya hau da gudu shi kaɗai, sannan masu siririyar murya su kama daga sautin da ya tsaya. Da safe Mehluli ya yi ta sata. Wasu sautukan ya miƙa wa hannun hagu, wasu ya tsallake su yadda ba mai lura. Tsakanin ƙungiya da ƙungiya ya mayar da hannu aljihu, har dankalin ya huce ya koma kamar dutse.

Bayan abincin rana aka kira matan wani coci na unguwar Pumula, cikin jajayen riguna da fararen huluna. Tun Ista suke shiri. Suka fara da kyau, har zauren ya yi tsit. Da aka zo wurin gudun nan, yatsun biyu ba su ma jira ba, suka naɗe tun daga tushe, gaɓoɓinsu suka danne maɓallai biyu a haɗe. Sautin da ya fito ba na waƙar ba ne. Rabin matan suka bi shi, rabi suka tsaya suna kallon juna. Alƙali ya kaɗa ƙararrawa, ya ce a sake. Aka sake, abin ya maimaita kansa a wuri ɗaya.

Mehluli ya miƙe, ya buɗe saman piyanon ya leƙa ciki, ya girgiza kai. Ya ce danshi ne ya kumbura katakon, maɓallan suna maƙalewa. Baba Tshuma ya ce ai dama ya sha faɗa a gyara rufin zauren nan. Kowa ya yarda. Matan Pumula suka sauko ba tare da komai ba. Shugabarsu, da ta zo wucewa, ta ɗan rusuna ta ce, "Ba komai Baba, ba laifinka ba ne. Allah bai nufa ba."

Da aka tashi ya zagaya bayan zauren, wajen famfo, ya tsaya yana kallon hannun.

"Katako ya kumbura, ko?"

Ya juya. MaHadebe ce, ta tsufa ta rankwafa, da sanda da jakar saƙa. Kowace shekara tana zuwa ta zauna a layin gaba, ba ta yi wa kowa magana.

"Mama, sannu da sanyi."

"Ajiye gaisuwar. Miƙo hannun."

"Hannuna lafiya lau yake."

"Tsufa na yi, baban Nothabo, ban makance ba. Tun safe nake kallon hagunka yana yi wa dama ƙwadago. Su Tshuma kunnen tukunya gare su, ni ba irinsu ba ce."

Bai miƙa ba. Sai ta jingine sandar, ta ɗora nata hannun a kan bakin simintin famfon, ta fara motsa yatsu kamar mai kiɗa. Kafin ta kai ƙarshe, na ukunta ya lanƙwashe ya shige ciki, ya ƙi fitowa.

"Ga mijin da ya hana ni kiɗa," in ji ta. "Marigayi Ndiweni, Allah ya jiƙansa, ko kaza ba ya iya hanawa shiga ɗaki."

Mehluli ya ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kai ka faɗa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Me ta ɗora maka a bayan hannu, waccan Sistar taku?"

"Murfin kwalba."

"Ni maɓallin riga. Ka ga kai an girmama ka." Ta ɗauki sandarta. "Je ka rufe piyanon nan. Ka gaya wa Tshuma ya nemi wani."

"Mama, wata mai zuwa za a yi zagayen ƙarshe a garin Gweru. In na ƙara zama a kansa sosai kafin nan…"

"Zaman ne ya kawo ka nan, shi kuma za ka koma wa? Ni ma na je nawa Gwerun. Na matsa, na matsa, har yatsan ya koyi naɗewa fiye da yadda ya koyi kiɗa. Sai daga baya wata 'yar ƙanwata mai aikin gashin ƙashi ta nuna mini yadda ake warware shi, lokacin nawa ya riga ya kafe. Naka bai kafe ba tukuna. Ina unguwar Mzilikazi, gidan mai shuɗiyar ƙofa. In ka zo, ka zo da burodi."

Ba ka raba mutum da abin da ya yi imani da shi a bakin famfo. Washegari da safe Mehluli ya sha shayi, ya ja kujera, ya ce yau sai ya ga bayan layin nan. Ya miƙa hannu zai ɗaga murfin piyanon. Tun bai taɓa maɓalli ko ɗaya ba, yatsun biyu suka naɗe a sarari, kamar sun ji ƙamshin abin da ke jiransu. Wannan ne ya tsorata shi. Ya zauna yana kallonsu har shayin da ya rage ya yi sanyi.

Ya je asibiti, aka ɗauki hoton hannun. Likita ya ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya. Abin yana can sama ne: maimaici da ƙarfi ya sa ƙwaƙwalwa ta cakuɗa yatsun, ba ta ƙara rarrabe wannan da wancan. Ya ce a huta, a sake koyo daga farko, amma shi ba ya alkawari.

Ran Asabar, a taron shugabannin ƙungiyoyi, bayan an yi addu'a, Mehluli ya tashi tsaye. Ya ce ba zai je Gweru ba. Ya ce piyanon zauren lafiyarsa ƙalau, hannunsa ne ya lalace, kuma matan Pumula su yafe masa. Ya ɗora hannun a kan tebur ya nuna musu. Shugabar matan ta dubi hannun, ta dubi fuskarsa.

Baba Tshuma ya yi gyaran murya. "Ash, Farfesa. Allah ya ba da lafiya. Kujerarka tana nan tana jiranka."

Kafin a gama raba shayi, an fara lissafa sunayen waɗanda za su iya maye gurbinsa.

Haka ya fara zuwa Mzilikazi da burodi a hannu. MaHadebe ba ta bar shi ya kusanci piyanonta ba har sanyi ya wuce. A teburin kicin suke zama, a kan ledar nan mai zanen furanni. Ta ce ya ɗaga hannu daga gwiwa, ya sake shi ya faɗi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Mutumin da ya yi wa manyan baƙi kiɗa ya kasa. Hannun sai ya sauko a hankali, a ƙame, yana tsaron abin da babu.

"Sake shi mana! Wa zai doke ka? Sistar ta zama ƙasa."

"Na sake, Mama."

"Ka sake? Dubi kafaɗarka, tana neman shiga kunnenka. Kana ma numfashi kuwa?"

A nan ya gano cewa duk rayuwarsa, in kiɗa ya fara gudu, riƙe numfashi yake yi.

Da itatuwan jakaranda suka fara zubar da furanni a tituna, ta buɗe masa piyano. Ta tara tsofaffin barguna a kan kujerar har gwiwar hannunsa ta zo daidai da maɓallan, don ta ce ya daɗe yana zama ƙasa kamar mai wanke-wanke. Maɓalli ɗaya za a danna, ba da ƙarfin yatsa ba, da nauyin hannu, wuyan hannu a sake yana hawa yana sauka. Sai na biyu, a hankali, yadda mai sauraro ba zai ce kiɗa ba ne. In yatsan ya nuna alamar naɗewa, ba a yi masa dole, a tsaya, a koma baya, a ƙara sassautawa. Kuma a tashi tun ba a gaji ba. Wannan ne ya fi yi masa wuya. Sau da yawa yana cikin jin abin ya fara tafiya za ta rufe murfin, har tana neman datse masa yatsu.

"Kaɗan ya rage, Mama."

"Kaɗan ɗin nan shi ya cinye mu. Ɗora ruwan shayi."

A gida kuwa shiru ya yi yawa. Wayarsa, da a dā ba ta hutawa saboda masu biki da masu jana'iza da iyayen yara masu jarrabawa, ta kwanta a kan tebur kamar an kashe ta. Ran Asabar yakan ji motocin biki suna wucewa da hon, ya san wane coci za su, ya san waƙar da za a shiga da ita. Maƙwabciyarsa ta leƙo ta kan shinge ta tambaya ko ya sayar da akwatin ne. Ya ce yana nan. Ta ce, "Ai mun huta," ta yi dariya. Bayan kwanaki kuma ta ce masa tun da ya daina, ba ta ƙara sanin lokacin ɗora tukunya. Nothabo da ya gaya mata, ta yi kuka a waya, ta ce ya koma wajenta. Ya tambaye ta ko ɗakinta zai ɗauki piyano. Ta ce ko gadonta da ƙyar ya shiga. Maganar ta tsaya nan.

Shekara ta zagayo, ya je gasar ya zauna a layin gaba kusa da MaHadebe. Wata malamar makaranta daga Gweru aka ba kujerar, Nokuthaba Mpala, mai hannu kamar ruwa. Ya ji daɗin kiɗanta har ransa. Amma ya lura, duk sanda ƙungiya ta sauka, takan sa hannu ƙarƙashin piyanon ta yarfe shi, ta murza sangalin a ɓoye. Lokacin hutu ya je ya same ta.

"Malama, sannu da aiki. Hannun nan yana damunki ne?"

Ta yi murmushi, ta mayar da shi bayanta. "A'a Baba, sanyi ne kawai."

"Ki riƙa tashi kina hutawa. Kujerar nan ma ta yi miki ƙasa. In kina so…"

"Na gode Baba. Lafiyata ƙalau." Idonta yana kan Baba Tshuma, wanda yake tsaye ba nisa.

Ya dawo ya zauna. MaHadebe ba ta ɗago daga saƙarta ba. "Sanyi ne, ko?" ta ce.

Da aka ci wani sanyin, ɗan MaHadebe ya zo daga Ingila ya ce ba zai ƙara barinta ita kaɗai ba. A zuwan Mehluli na ƙarshe gidan, an riga an ɗaure kaya a kwalaye, piyanon ma an yi masa mai saye. Mehluli ya zauna ya kaɗa mata wani kiɗa mai tafiyar hawainiya, daga farko har ƙarshe. Yatsun biyu suna kwance a buɗe, suna danna nasu in lokacinsu ya zo. Da ya gama bai juyo ba.

"Ba laifi," in ji ta. "Ga ɗan koyo." Ta fyace hanci. "Kada ka je ka yi gudu don ba na nan. Ina da masu kawo mini labari."

Ba ta da wani mai kawo mata labari. Su biyun sun sani.

Mehluli Gumpo yana nan Luveve a gidansa, shi kaɗai. Yana kiɗa da safe kaɗan, da yamma kaɗan, ya tashi tun bai gaji ba. Masu tafiya a hankali suna yi masa daidai, masu gudu kuwa har yanzu na huɗu yana ƙi, wani lokaci ya ja na biyar. Ran Lahadi yana kaɗa wa ƙaramin cocin unguwar, kuma yana da ɗalibai kaɗan da yake koya wa yadda ake zama kafin yadda ake kiɗa. Kujerar gasar ba ta dawo masa ba.